Bulus da 'Yar Na'urar da Ta Yi Kuka a Layin Darakta

A wannan watan Bulus ya cika shekara ashirin da biyar da barin duniya. Ban ji an ambace shi a ko'ina ba, ban kuma sa ran za a ambata ba. Injiniyan famfo ne, ba ɗan siyasa ba, kuma ba ɗan gari ba. Ya yi wa Sakkwato aiki shekara goma sha tara, aka sallame shi da takarda mai layi uku, aka rubuta a fayil ɗinsa cewa ya fasa ofishin gwamnati. Na san ƙarya ce tun ranar da aka rubuta ta, domin ina zaune a ɗakin.

Ba zan faɗi sunan ma'aikatar ba. Waɗanda suka yi aiki a wancan dogon ginin na kan Sama Road sun riga sun gane ta, sauran kuwa ba abin da sunan zai ƙara musu. Ni ne sakataren Darakta a lokacin, Daraktan kuma ƙanen mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara tara bayan rasuwar mahaifina, shi ya sa ni makaranta, shi ya samo mini aikin, shi ya yi mini aure. A gida Baffa nake ce masa, a ofis in ce ranka ya daɗe. Makullan ofishinsa a aljihuna suke kwana.

Bulus mutumin tsaunukan Filato ne. Ya zo Sakkwato yana saurayi a zamanin da arzikin man fetur ya hau wa ƙasar nan kai, lokacin da ake shigo da injuna daga Turai kamar ana sauke buhunan gero. Wani kamfanin Turawa ne ya ɗauko shi don ya taya su kafa manyan famfunan da ke tura ruwa cikin unguwanni. Turawan suka gama suka tafi, shi ya zauna. Gwamnati ta ɗauke shi aikin kwantiragi, ana sabunta masa duk shekara biyu, saboda ba a nan aka haifi kakansa ba. Ya auri Saratu, malamar firamare, suka haifi 'ya'ya uku duk a garin nan. Hausarsa ta Jos ce, amma ya yayyafa mata "munka" da "sunka" a inda suka dace da inda ba su dace ba, kullum ina yi masa tsiya a kai. Zafin garinmu kuwa bai taɓa sabawa da shi ba. Da bazara za ka gan shi da jiƙaƙƙen tawul a wuya, yana cewa shi dai bai san laifin da kakanninmu suka yi wa rana ba.

Kafin a kai ƙarshen mulkin soja, famfunan nan sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙarfen ne ya gaji ba. Kowane famfo yana da akwatin lantarki da ke sarrafa shi, cike da ƙananan wayoyi, kuma littattafan da suka bayyana yadda aka haɗa su gara ta cinye su a sito tun da daɗewa. Yadda muke aiki a lokacin shi ne, in famfo ya tsaya sai a rubuta takarda, takarda ta haifi kwamiti, kwamiti ya ba da shawarar a sayo sabo, sabo kuma ba ya zuwa. Mutanen unguwar Gawon Nama sun yi wata da watanni suna jera bokitai a gindin famfon da ba ya ɗiga. Bulus ya rantse zai iya tayar da injunan in ya sami wanda zai gaya masa wace waya ke zuwa ina. Mutum ɗaya ya rage da ya sani, wani tsohon Bature da ya koya masa aiki, wanda ya yi ritaya a ƙasarsu. Suna rubuta wa juna wasiƙa, amma tambaya ɗaya da amsarta sai su ci wata biyu.

Baturen nan ne ya gaji da jiran gidan waya, ya aiko masa da 'yar na'urar ta hannun wani fasto da ya dawo daga karatu. Ranar da Bulus ya fito da ita daga aljihu na ɗauka gidan tabarau ne. Ya buɗe ta, sai ga ɗan allo mai ruwan toka a sama, ga ƙananan maɓallai a ƙasa waɗanda yatsunsa na makaniki suka yi wa girma. Kwamfuta ce, in ji shi, cikakkiya, tana aiki da ƙananan batura biyu. A gefenta akwai wata kafa da ake zura wani ƙarfe mai faɗin katin shaida. Wannan shi ne modem, abin da ke mayar da rubutu ya zama ƙara, ya tura shi ta wayar tarho, wani irinsa ya karɓa a can ya mayar da shi rubutu. Baturen ya riga ya yi masa rajista da wani kamfani a Legas, ya aiko da lambar da za a kira da suna da kalmar sirri a rubuce cikin ambulan. Abu ɗaya ya rage, layin tarho.

Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. A duk ginin nan namu, layi ɗaya ne ke iya kiran Legas kai tsaye ba tare da an roƙi mai haɗa waya ba, shi ne na teburin Darakta. Tarhon baƙi ne mai faifan lambobi da ake juyawa da yatsa, kuma Baffa ya sa masa ɗan kwaɗo a jikin faifan don kada masinjoji su riƙa kiran 'yan uwansu. Bulus ba shi da tarho a gida. Ni ma ba ni da shi. Ya zo ya same ni a teburina, ya yi ta kewaye-kewaye, har na ce masa Injiniya faɗi abin da ya kawo ka. Da ya faɗa, ban yi dogon tunani ba. Na ce in an tashi aiki ya dawo.

Mun yi kusan mako uku muna fama bayan tashi daga ofis. Na ce muna, amma ni nawa kallo ne da surutu. Tun farko ma ba inda za a cusa wayar modem ɗin, domin tarhon Darakta a ɗaure yake da bango kai tsaye. Sai da Bulus ya kwance ɗan akwatin da ke jikin bangon, ya maƙala wasu 'yan maƙalai biyu masu haƙora a kan wayoyin. Ya danna, na'ura ta ce ba ta jin layi. Layi kuwa yana nan, ita ce ba ta san irin kukan layinmu ba, don a ƙasar da aka ƙera ta ba haka nasu yake yi ba. Ya shafe kwana biyu yana bincike kafin ya gano wasu haruffa da zai rubuta mata, waɗanda ke ce mata ta daina sauraro ta buga kawai. Ta buga, ba abin da ya faru. Ashe tana rera lambobin ne da sauti irin na sababbin tarho, alhali injin haɗa waya na garinmu tsoho ne, ƙwanƙwasa kawai yake ganewa. Ya canza mata wannan ma. Sai muka ji tana ƙas-ƙas-ƙas tana ƙirga lambar Legas ita kaɗai, ga kwaɗon Baffa yana rataye a faifai ba wanda ya taɓa shi. Na yi dariya har na riƙe ciki.

Daga nan kuma sai matsalar hanya. Sau goma za a buga, sau tara muryar wata mata ta ce layuka sun cika. In an yi sa'a ta shiga, sai ka ji na'urar can ta Legas ta amsa, su biyu su fara wani irin kuka, tsuwa da shaƙewa da ƙara kamar an taka wutsiyar mage, sannan layi ya yanke. Ya rage mata gudu don ta iya jure wa hayaniyar layin. Batura suka riƙa ƙarewa cikin minti kaɗan, har ya haɗa mata wata 'yar caja da hannunsa. Ya koyi rubuta saƙonsa tsaf tun a gida, don in an samu shiga a tura kawai a fita. Duk da haka ba mu taɓa wuce rabin minti a haɗe ba.

Shi ya lura da abin da ni ɗan gari ban taɓa lura da shi ba. Ranar Juma'a, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi, duk mai tarho a Sakkwato yana masallaci. 'Yan kasuwa sun rufe, ofisoshi sun watse, hanyar Legas ta zama fayau. Shi kuwa Kirista ne, ba inda za shi a wannan lokacin. Ya ce, "Malam Attahiru, ku je ku roƙa mana Allah, ni in tsaya in roƙi Legas." Haka muka tsara. In Baffa ya fita zuwa mota, sai in koma kamar na yi mantuwa, in buɗe wa Bulus ƙofa, in bi Baffa masallaci. In an idar in dawo in kulle.

Juma'ar farko da na dawo, na same shi zaune dirshan a ƙasa, ya jingina da teburin Darakta, tawul ya faɗi gefe. Ya miƙo mini na'urar. "Duba nan. Ya amsa. Na tura, kafin in gama goge gumi ya amsa." Layuka ne na Turanci a kan ɗan allon: jar waya ta uku ta koma nan, a cire abu kaza a gwada abu kaza. Idonsa ya kawo ruwa, yana dariya. Ban taɓa ganin babban mutum ya yi farin ciki irin wannan a kan aikin gwamnati ba, kuma har na yi ritaya ban sake gani ba.

Cikin wata biyu ya tayar da famfo uku. Na ga bai dace Baffa ya zauna cikin duhu ba, sai wata rana a mota na fara yi masa bayani a kaikaice. Ya ɗaga mini hannu. "Attahiru, ban ji abin da kac ce ba. Ni dai in ga ruwa." Ya kuwa ga ruwa. Dattawan Gawon Nama suka yi takakkiya har ofis suka yi masa godiya, aka faɗi sunansa a rediyo. Bulus yana tsaye a bayan taron da tawul ɗinsa, ba wanda ya waiwaye shi, shi ma bai damu ba. Hankalinsa yana kan famfo na huɗu, wanda ya fi duka girma, wanda akwatinsa ya gagari bayani da baki. Baturen ya ce zai aiko da zane.

Zane ba kamar rubutu ba ne, yana cin lokaci. A waccan Juma'ar sau uku yana fara saukowa layi na yankewa, a koma farko. Bulus ya riƙe layin fiye da sa'a guda. Abin da bai sani ba shi ne, ruwa ya ɗauke a gidan wani babban hafsan soja, ana ta kiran lambar Darakta ana jin ta a cike. Da suka gaji sai suka turo kofur da mota. Maigadi yana masallaci. Kofur ya hau bene, ya tura ƙofa, ya tarar da mutum a durƙushe ƙarƙashin teburin Darakta, an kwance akwatin bango, wayoyi a waje, ga wata 'yar na'ura tana kuka, haruffan Turanci suna gudu a fuskarta. A wancan zamani gwamnati tana ganin duk kalmar da ta tsallaka iyaka makirci ce. Da na dawo daga masallaci na tarar da ƙofa a buɗe, takalminsa ƙafa ɗaya a kan matakala.

Ranar Litinin aka zauna a ɗakin taro. Akwai wani soja mai anini uku, da wani jami'in tsaro cikin farin kaya, da manyan ma'aikata biyu, da Baffa. Ni aka ce in ɗauki bayanin zama. Aka shigo da Bulus, leɓensa a kumbure. An ajiye na'urar a tsakiyar tebur kan farar takarda, kowa yana kaffa-kaffa da ita. Sojan ya ɗaga tarhon Darakta ya nuna kwaɗon, ya ce ta yaya aka kira Legas da waya a kulle? Bulus ya yi bayani tsakani da Allah, yadda na'urar ke ƙwanƙwasa lambar da kanta. Bayanin nan ya ƙara dagula masa lamari, don sai suka ga ashe abin ya fi yadda suke zato haɗari. Suka tambaye shi me ya sa sai ranar Juma'a, sai lokacin da Musulmi suka tafi salla. Ya faɗi dalili. Jami'in tsaron ya yi murmushi ya rubuta wani abu.

Sannan sojan ya tambaya wa ke riƙe da makullin ofis. Ya juyo yana dubana. Kafin in haɗiye yawu Baffa ya amsa.

"Makulli na hannun yaron ga, ɗana na. Shi kau tare munka tai masallaci, sahu guda munka yi salla." Ya nuna Bulus da haɓa. "Wanga ko makaniki na. Ƙarhe ba shi yi mai gardama."

Ina so mai karatu ya lura, Baffa bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Mutum ne da ya tashi a gidan malamai, yana tsoron ƙarya ƙwarai. Makulli yana hannuna, gaskiya ne. Tare muka yi salla, gaskiya ne. Bulus ya iya ƙarfe, wannan ma kowa ya shaida. Ya jera gaskiya uku, ya bar mutanen ɗakin su haɗa sauran da kansu, suka kuwa haɗa. Ba wanda ya tashi ya je ya duba ƙofar, wadda ko ƙwarzane babu a jikin makullinta.

A gidanmu, in babba ya yi magana a madadinka a gaban baƙi, magana ta ƙare. In ka buɗe baki bayansa, ko gyara za ka yi, ka ƙaryata shi ke nan a bainar jama'a, kuma ɗan da aka rena ba ya yi wa wanda ya rene shi haka. Da wannan aka tashe ni, kuma na yi shekaru ina ɓuya a bayansa. Amma yau zan faɗa a fili: ba ladabi kaɗai ya rufe mini baki ba. Na ga leɓen Bulus, na ji tsoro. Na tuna matata tana da ciki wata bakwai. Ladabin ya zo mini a daidai lokacin da nake neman mafaka, na rungume shi da hannu biyu. Sojan ya tambayi Bulus ko yana da abin cewa. Bulus ya yi shekara goma sha tara a cikinmu, ya san al'adar nan kamar yadda na san ta, ya kuma san abin da ambaton sunana zai jawo mini. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ni kuwa na sunkuya ina rubutu, da hannuna na rubuta cewa wanda ake tuhuma bai ce komai ba.

Ya kwana goma sha ɗaya a tsare. A ƙarshe aka samo wani matashin hafsa da ya san kwamfuta, ya karanta saƙonnin kaf, bai ga komai ba sai jar waya da baƙar waya da gaisuwar iyali. Aka sake shi ba tare da ko sannu ba. Zargin leƙen asiri ya faɗi, amma fasa ofis ya zauna, tunda ba wanda ya ce shi ya buɗe. Da ɗan gari ne da an ja masa kunne an canza masa wurin aiki. Ɗan kwantiragi kuwa ba a wahala da shi. Aka ba shi mako guda ya fita daga gidan gwamnati. Na'urar ba a mayar masa ba, ban san a aljihun wa ta ƙare ba.

Suka kama ɗaki biyu a Gawon Nama, unguwar da ya jawo wa ruwa. Ya kafa rumfar kwano a bakin hanya yana naɗin wayar janareta da ƙananan famfunan gida. Wani kamfanin gine-gine ya so ɗaukarsa, suka aiko neman bayani daga ma'aikatarmu, aka aika musu abin da ke cikin fayil, shi ke nan ba su sake kiransa ba. A cocinsu yana cikin dattawa, da kansa ya sauka daga kujerar, ya ce ba zai zauna a gaban jama'a da wannan suna a kansa ba. Wannan Saratu ce ta gaya wa matata. Shi bai taɓa gaya mini ba.

Sai da na yi wata huɗu kafin na iya zuwa rumfar. Na shirya wa zagi, har ina fatan ya zage ni. Ya taso da fara'a, ya goge mini benci da tawul, ya tambayi jaririn da aka haifa mini, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Muka yi hirar zafi da tsadar kayan gyara. Da na tashi tafiya ya rako ni bakin mashin, ya rage murya.

"Malam Attahiru, ba wanda ya duba saƙon nan? Zanen famfo na huɗu yana can Legas yana jira. Saura kaɗan ya gama sauka."

Na ce masa zan bincika. Ban bincika ba, kuma ko na so ban san ta inda zan fara ba. Da ya zage ni da na sami abin riƙewa in ce mun yi faɗa. Bai ba ni wannan sauƙin ba, kuma na daɗe ina jin haushinsa a kan haka, abin kunya.

Bai cika shekara uku a rumfar ba. Hawan jini ya kayar da shi wata safiya yana tsakiyar aiki, bayan kwana biyu ya cika. Aka ɗauki gawarsa zuwa Filato. Na je na tsaya cikin masu gaisuwa, na ce wa Saratu Allah ya ba da haƙuri, ta ce amin ba ta ɗago ba. Ba a fi shekara da 'yan watanni ba aka fara kafa dogayen ƙarafan wayar salula a Sakkwato.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce in ya ga yau. Jikata Nana, 'yar aji biyu a sakandare, ta taɓa nuna mini bidiyon wani mutum a wata ƙasa mai nisa yana kwance akwatin famfo irin namu, yana nuna kowace waya da tsinken sukudireba. Kafin in gyara zaman tabarau hoton ya fito. Abin da Bulus ya durƙusa ƙarƙashin tebur yana roƙo fiye da sa'a guda, yau yana aljihun kowa, har mai tura kurar ruwa. Kuma da wayar ake kiran mai kurar, don famfon unguwa ba ya kawowa. Ina jin Bulus zai yi mamaki na minti biyar, ya jujjuya wayar ya nemi inda ake kwance ta, sannan ya tambaya ko an tayar da famfo na huɗu. Ba a tayar ba. Na bi ta wurin bara, awaki ke kwana a inuwar ɗakin injin.

Akwai ranar da aka gayyace ni buɗe wani ɗakin kwamfutoci na ma'aikata. Ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan nan biyu da suka zauna a kan shari'ar Bulus shi ne babban baƙo. Ya tsufa, ya yi furfura mai kyau. Ya yi jawabi a kan yadda tun fil azal ma'aikatarmu take sahun gaba wajen rungumar fasahar zamani, har ya ce tun zamanin soja muke aika saƙo ƙasashen waje ta kwamfuta. Aka yi tafi. Na duba hannuwana, na ga ni ma ina tafawa.

Ba na zagin Baffa. Ya rasu da mutuncinsa, garin nan ya cika maƙil a jana'izarsa, kuma abin da ya yi a ɗakin nan don ya tsare ni ya yi shi. Haushina a kaina yake. Na hau kujerarsa daga baya, na yi shekara shida ina Darakta. Fayil ɗin Bulus yana cikin kabad ɗin da ke bayana, na sa an ɗauko mini shi har sau biyu. Layi ɗaya zan rubuta a ƙasa in sa hannu. Na farko na ce bari dai Baffa yana raye, kada ya ji. Na biyu Baffa ya rasu, sai na ce ai tone-tone zai taɓa sunan mamaci. Daga nan na ce sai na kusa ritaya. Ranar ritaya aka yi mini walima, aka ba ni agogon bango, na tafi gida.

Me ya rage na Bulus a garin nan? Akwai mutum biyu da suka koyi naɗin waya a wurinsa, yanzu su ma sun yi furfura, in ka kai musu aiki sai sun buɗe sun duba kafin su ce a sayo sabo. Akwai famfo na biyu, wanda har yanzu yake aiki in an sami wuta. In ka buɗe murfin akwatinsa za ka ga rubutun hannunsa da baƙin alƙalami, ya zana kowace waya da inda take zuwa, don kada wanda zai zo bayansa ya sha wahalar da ya sha. Ma'aikatan yanzu suna bin zanen, ba su san na wa ne ba. Sai kuma 'ya'yansa uku, waɗanda suka girma suna jin ana cewa an kori ubansu saboda ya shiga inda ba a aike shi ba. Abin da ya rage ke nan, kuma kashi na ƙarshen nan, aikin hannuna ne.

Makon jiya na nemo lambar Saratu. Tana can gida Filato wurin babbar 'yarsu, ta daɗe da barin koyarwa. Na yi ta juya wayar a hannu kafin na danna, ta kuwa shiga nan take, muryarta tar kamar tana ɗakin. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Na ce mata Malama, zan rubuta a jarida, zan faɗi gaskiyar abin da ya faru, kowa ya san Injiniya bai fasa ofishin kowa ba.

"Ka rubuta, Malam Attahiru," ta ce. "Yara za su so su gani. Amma ai ya gaya mini yadda aka yi a ɗakin nan tun ranar da aka sake shi. Ya ce ya jira ka. A ranar kalma huɗu ce kawai: ni na buɗe masa. Yanzu shafi nawa za ka cika?"

Na ce mata ban sani ba tukuna. Ta ce to, a gaida gida, ta kashe wayar.